Daga zuma zuwa sukarin kanti: tarihin kayan zaƙin Sallah a Dakwaro da ƙasar Maraɗi

Kwana uku ko huɗu kafin Sallah, masu kantuna a Dakwaro sun san abin da zai fara ƙarewa a wurinsu: fulawa, sukari da mai. Mata kan saye su gwargwadon ƙarfin aljihun maigida, su koma su kwana bakin kasko, domin baƙon da ya shigo barka da Sallah ba ya tashi ba a ajiye masa faranti ba. Cincin ne ya fi yawa a farantin wannan zamani. A gidan masu hali akan ga dubulan da alkaki, wani lokaci har da gato, da minti cikin leda saboda yara masu yawon Sallah. Dattawa da ƙungiyoyin raya al'adu sun jima suna kukan cewa kayan kanti sun kori na gargajiya. Kukan yana da tushe, sai dai ya ginu bisa wani zato, wai akwai zamanin da farantin Sallah ya kasance na gida zalla, daga gona zuwa turmi zuwa baki. Sunayen abubuwan da ke cikin farantin su da kansu ba su goyi bayan wannan zato ba.

Kafin a kai ga sunaye, ya kamata a tuna irin zaƙin da ƙasa ke bayarwa ba tare da an saya ba. Akwai zuma, wadda ake samu daga amyar da aka rataya bisa itace, galibi a kudu inda dazuzzuka suka fi duhu. Akwai takanɗa da rake. Akwai maɗi da ake dafawa daga ƴaƴan ɗinya, da garin ɗorawa, da goruba wadda Gulbin Kaba ya yi suna da ita, da magarya da ake dakawa a yi akuri. Dabino kuwa ayarin Buzaye ke saukowa da shi daga Abzin da Kawar tare da gishiri, su koma da hatsi. A cikin waɗannan duka zuma ce sarauniya, ita ce kuma mafi wuyar samu, shi ya sa Bahaushe ya ce zuma da zaƙi da harbi. Talaka na ƙauye yana iya shekara bai ɗanɗana ta ba sai a matsayin magani. Zaƙi mai yawa, wanda ake ci don marmari, abin gidan sarauta ne da na attajirai.

Abin da raƙumi ya kawo

Kalmar alkama daga Larabci take, al-ƙamh. Alkaki daga al-ka'ak. Alewa daga halawa. Alkubus daga al-khubz, wato burodi. Gurasa daga ƙursa, abu mai faɗi da kewaye, tanderun da ake gasa ta kuma ɗan'uwan tannur ne. Gireba, wadda ita ce ta fi kusa da abin da Turawa ke kira biskit, ita ce ghurayba ta ƙasashen Larabawa. Dubulan ma, ga suna ga siffa, ya yi kama da dabla da matan Libiya da Tunisiya ke naɗewa su soya su tsoma cikin ruwan zaƙi. Sukari kansa ya yi doguwar tafiya: daga Indiya kalmar ta taso, ta bi ta Farisa, ta shiga Larabci, sannan ta ƙetaro Sahara. Malamin Hausa da ya jera waɗannan kalmomi a kan allo ya riga ya zana wa ɗalibansa taswirar fatauci, ko da bai ambaci sunan gari ko ɗaya ba.

Alaƙar alkaki da Sallah tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba a nan ta fara ba. A Masar, zamanin daular Faɗimiyawa (969 zuwa 1171), akwai gida na musamman a Alƙahira da ake kira Darul Fiɗra, wanda aikinsa shi ne shirya ka'ak da alewa tun watan Rajab, a raba wa fadawa da talakawa ranar Ƙaramar Sallah. Al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar da ya rasu a 1442, ya ba da bayanin gidan. Har yau ka'ak shi ne alamar idi a Masar. Na can ana gasa shi a tanderu a barbaɗa masa garin sukari, na ƙasar Hausa kuwa soya shi ake yi a jiƙa shi da zuma. Suna ya iso lafiya, amma girkin ya sauya a hanya, saboda ya tarar da murhu mai duwatsu uku.

Masu kawo waɗannan abubuwa sanannu ne. Fataken Ghadames da na Tarabulus sun zauna shekaru a Katsina, da Kano inda unguwar Dandalin Turawa ke riƙe da tarihinsu, da Damagaram. Sun yi aure a cikin gari, kuma ta madafan gidajensu ne girke-girken alkama suka shiga fada, daga fada suka bazu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851, ya wuce Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Cikin kayan Turai da ya lissafa a kasuwar Kano, tare da yadin Mancista da alluran Nuremberg da takubban Solingen, akwai sukarin Faransa. Sukarin da ya sha watanni bisa raƙumi ba abin zubawa a kunun yara ba ne. Ana ajiyarsa kamar turare. A 1853 kuma, kusa da Sakkwato, Barth ya ga wata gonar rake da ƙaramar matatar sukari a hannun wani Bafillace da ya yi shekara 25 yana bauta a Barazil kafin ya dawo. Labarin ya cancanci a dakata a kansa: mutumin ya koyi sana'ar ne a gonakin da aka sayar da shi domin su, ya kuma dawo da ita cikin kansa. Sai dai sana'ar ba ta yaɗu daga wurinsa ba. Mazarƙwaila, sukarin gida da ake matsewa da injin da doki ke juyawa, sai a zamanin Turawa ta kafu sosai a ƙasar Zazzau.

Alkama ma ba amfanin damina ba ce. Tana son sanyi, don haka a lokacin hunturu ake noma ta da ban-ruwa, da jigo a fadamun Kano, da taimakon shanu ko raƙuma a garakan Abzin, da bakin kogin Komadugu a gabas. Ƴar kaɗan ake samu, mai tsada. Wanda ya haɗa alkama da zuma da man shanu a abu guda ya haɗa abubuwa uku mafi daraja a madafar Bahaushe na da. Wannan shi ne alkaki, kuma shi ya sa ya zama abin alfahari.

Yadda ake yin sa kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Ba niƙa alkamar ake yi ta yi laushi ba, ɓarza ta ake yi. A murje ta da mai har kowace ƙwaya ta sha, a kwaɓa da abin tsami, nono ko yis, a rufe ta kwana. Da safe a saka ɗan ruwan kanwa domin a kashe tsamin, a yi ta murzawa har ƙullun ya yi danƙo, sannan a ja shi kamar igiya a naɗe. Suyar tana son wuta marar ƙarfi da mace mai haƙuri, don idan waje ya yi ja ciki bai bushe ba, alkakin ba zai yi mako ba. Daga kasko sai cikin zuma, ko ruwan sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami, kuma tsamin nan ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba: shi ke hana sukarin komawa tsakuwa idan ya huce. Nakiya tana da nata tsarin, na garin shinkafa da citta da kanumfari da masoro, a kirɓa a turmi da zaƙi da man shanu har ta kama jikinta. Dukansu biyu suna yin watanni ba su lalace ba, domin suya ta kori ruwa, zaƙi kuma ya tsare abin da ya rage. A ƙasar da babu firiji, kuma rana ke narka kitse, wannan dabara ce babba. Matan da suka gano ma'auninta ba su rubuta ba, hannu ne ya koya wa hannu.

Akwai wani abin lura. Asalin wurin zaman alkaki da nakiya a al'adar Hausa ba farantin Sallah ba ne, gara ce, wato kayan da iyayen amarya ke kaiwa gidan miji bayan biki ko bayan wankan jego. Sallah ta ara ne daga aure. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazari a kwarin Maraɗi, ya wallafa littafi a 1986 a kan kyauta da ciniki a wannan yanki, inda ya nuna cewa kyautar biki bashi ce da ake ƙirgawa, ana kuma mayar da ita da ƙari. Barbara Cooper ta bi sawun wannan batu ta fuskar mata a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa mace ke iya sayar da akuyarta domin ta cika kwalla da alkaki. Ba kwaɗayi ke tura ta ba. Dangin miji za su buɗe kwallar a gaban jama'a, kuma abin da suka gani za a daɗe ana faɗi.

Gujiya, fulawa da kwalin sukari

Shekarar 1911 ta yanke tsohuwar hanya ta fuska biyu: layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta far wa Tarabulus. Daga nan kayan Turai suka daina zuwa daga arewa bisa raƙumi, suka koma shigowa daga kudu cikin tarago. Jirgin da ya kawo sukari shi ke komawa da gyaɗa, wadda mutanen Maraɗi suka fi kira gujiya. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, aka kafa masana'antar mai ta Siconiger a 1942, bayan ambaliyar 1945 kuma aka tashi garin daga cikin kwari aka mai da shi bisa tudu. Cinikin gujiya ne ya haifi alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu. Ga mata masu suya, muhimmin abin da wannan zamani ya kawo shi ne mai mai araha. Man shanu ana auna shi da ludayi, amma man gujiya ana iya cika kasko da shi, kuma mata na matse nasu a gida su sami ƙuli-ƙuli a sama.

A cikin wannan zamani ne aka haifi Dakwaro ta yau. Faransawa sun kafa bariki a wurin a 1947, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a daidai inda gonar manomi ke ƙarewa makiyaya ta fara. Manoma daga Gobir da Katsina da Adar sun yi ta hawowa neman sabuwar ƙasa, har dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, iyakar da kwarin Tarka ya zama alamarta a wannan yanki, ko da yake gatari bai cika girmama ta ba. Wannan yana da ma'ana ga batun da ake yi. Dakwaro ba tsohon birni ba ne mai fada da unguwar Larabawa. Ba ta gaji alkaki daga fataken Sahara kai tsaye ba. Matan ma'aikata, da na ƴan kasuwa, da amaren da aka kawo daga Maraɗi da Tasawa da Damagaram su suka zo da shi, kuma sun zo da shi ne a lokacin da sukarin kanti ya riga ya fara maye gurbin zuma. Abin da Dakwaro ta sa a cikin kaskon daga nata arziki shi ne man shanu da nono na Fulani, waɗanda kasuwanninta ba su taɓa rasawa ba sai a shekarun fari.

Sukarin da ya cika kantunan ma yana da nasa labari. A 1747 Bajamushe Andreas Marggraf ya nuna ana iya fitar da sukari daga wani irin gwoza na ƙasashen sanyi, kuma a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, da Ingila ta tare teku, Faransa ta rungumi wannan noma. Gasar gwoza da rake ta karya farashi a ƙarni na 19. Kwalin Saint Louis mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ya samo sunansa daga wata unguwa ta Marsai, ya zama kayan gaisuwar surukai da na buɗa-baki daga Yamai har Kano. Fulawa ta biyo baya: kamfanin niƙa na Apapa a Legas ya fara aiki a 1962 da alkamar da jiragen ruwa ke kawowa, daga baya aka gina wani a Kano. Sunan fulawa daga Ingilishi yake, kamar yadda fanke yake, abin da ke nuna ta wace ƙofa suka shigo. Cincin kuma daga kudancin Nijeriya ya hawo tare da ma'aikatan jirgin ƙasa da ƴan kasuwa.

Ba abin mamaki ba ne da cincin ya yi nasara. Ba ya bukatar kwana, ba ya bukatar turmi, yarinya ƴar shekara goma sha biyu tana iya yanka shi, kuma tiya ɗaya ta fulawa kan cika roba. Ya sa gidan malamin lakwal da na mai gadi suna iya ajiye wa baƙo abin da a da sai gidan sarki. Masu kukan ɓacewar gargajiya sukan manta da wannan ɓangare. Zaƙi ya sauko ƙasa ya iske talaka, kuma da wuya a sami talakan da ya yi baƙin cikin haka. Ciwon sukari da likitoci ke ta gargaɗi a kansa a birane shi ne ɗaya fuskar wannan arahar.

Na'ana'a, minti da shokola

A ƙasashen Turai da Amurka, lokacin Kirsimeti mata kan gasa biskit iri-iri, kuma haɗin shokola da na'ana'a yana cikin waɗanda Amurkawa suka fi so. Abubuwan biyu duk sun iso Dakwaro, amma kowanne ta hanyarsa, kuma ba su haɗu a kasko ɗaya ba.

Na'ana'a ta zo ne cikin buta. Koren shayin Sin ya yaɗu a Maroko a tsakiyar ƙarni na 19, ya gangaro cikin Sahara, Buzaye suka karɓe shi a ƙarshen wannan ƙarni da farkon na 20, tare da curin sukari da ake fasawa da ƴar guduma. Daga zangon Buzaye ya shiga rugar Fulani, ya shiga gari, har ya zama ginshiƙin fadar samari tun shekarun 1990. A yankin Dakwaro akwai gidajen makiyaya da kuɗin shayi da sukari ke gogayya da na hatsi. Ganyen da ake jefawa a shayi ba shi ne wanda Turawa ke sa wa a alewa ba. Na alewa wani ɗan'uwansa ne mai yaji, wanda masanin tsirrai John Ray ya fara bayyanawa a Ingila a 1696, kuma daga mansa ake samun sinadarin da ke ruɗar harshe ya ji sanyi ko da babu sanyin. Wannan ya iso ne cikin takarda, daga kamfanonin Legas, kuma Tom Tom na kamfanin Cadbury, da ya fito a 1970, ya fi kowanne shahara. Ya yi tasiri har kalmar minti ta tashi daga sunan ɗanɗano ɗaya ta zama sunan kowace alewa mai takarda, ko ta madara ce ko ta lemo.

Shokola, wadda makwabta na Nijeriya ke ce wa cakulan, labarinta ya fi ɗaci. Itacen koko, wanda ba shi da wata dangantaka da kokon da ake sha da ƙosai, asalinsa daga nahiyar Amurka yake kamar gujiya. An dasa shi a tsibiran Sawo Tome da Fernando Po, kuma a 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya kawo irinsa Mampong a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kafin 1911 ta fita, ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, sai a ƙarshen shekarun 1970 Kodibuwa ta sha gabanta. Su biyun ke ba duniya kimanin rabin kokon da take ci. Hausawa sun san hanyar tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kuma dubban ƴan cin-rani daga Nijar sun yi dako a Kumasi da Ankara, irin tafiyar da Jean Rouch ya nuna a fim ɗinsa mai suna Jaguar. Da yawansu sun ɗauki buhunan koko a ka, sun dawo gida da keke da bargo da akwati, ba tare da sun taɓa ɗanɗana abin da ake yi da shi ba, domin a Turai ake sarrafa shi. Akwai kuma dalili na yanayi. Man koko yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 34, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Dakwaro kan haura 40. Shokola mai sanda ba ta da wurin zama a teburin mai kanti. Saboda haka a gari ta iso, cikin gwangwanin Bournvita da Milo na mai shayi, ko a matsayin abin shafawa a burodi, ko launin ruwan ƙasa a jikin biskit mai araha.

Saura batun gashi. Biskit na Turawa ɗan tanderu ne, tanderun cikin ɗaki da ake hurawa dare da rana a lokacin sanyi don ɗumama gida, gashi kuma ya zo a matsayin riba. Kirsimeti kullum a tsakiyar hunturunsu take faɗowa. Sallah kuwa tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ta zagaye rani da damina cikin kimanin shekara 33, don haka kayan zaƙinta ba su jingina da wani yanayi ba, dole su jure kowanne. A inda itacen girki ke da tsada, hura tanderu na awa biyu domin tire ɗaya asara ce, kasko kuwa yana gama aikinsa da ƴan ƙirare. Ƴan mishan na SIM da suka zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, da matan ma'aikatan Faransa, sun zo da gashin gato, kukunsu suka koya, Kiristocin yankin kuma suna yin nasu shagali a Kirsimeti. Amma gaton da ya shiga gidajen jama'a sai da ya bi dabarar gida: a zuba rairayi a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara ko na kifi cike da ƙullu, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfi. Wasu kuma kan kai nasu gidan burodi a gasa masu bayan an kwashe na sayarwa.

Shekarar da zaƙi ya zama magani

Ba a iya rubuta tarihin abinci a Dakwaro a tsallake 2005. Fari da fara sun ci amfanin 2004, farashin hatsi ya ninka, dabbobi suka faɗi, kuma gundumar tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiya a garin, ta kuma yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a faɗin Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Abin da ya ba da damar kula da yara masu yawa haka, galibinsu a gida wurin uwayensu, shi ne wani ƙunshi mai nauyin giram 92 da ake kira Plumpy'Nut: gujiya niƙaƙƙiya, sukari, garin madara, mai da sinadaran gina jiki. Likitan yara André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, kuma an sha ba da labarin cewa kwalbar shokolar shafawa a burodi ce ta ba Briend tunanin. Ba a dafa shi, ba a haɗa shi da ruwa, ƙwayoyin cuta kuma ba sa rayuwa a cikinsa saboda babu danshi. Tsohuwa mai kirɓa nakiya ko mai dakan dakuwa ba za ta ga sabon abu a wannan hikima ba. Abin takaicin shi ne ƙasar da ta taɓa cika taragon jirgi da gujiya, kafin fari na shekarun 1970 da cutar 1975 su durƙusar da nomanta, ita ce aka kawo wa gujiya cikin leda daga Normandi. Daga baya aka fara haɗa shi a Yamai. Ƙaramar Sallah ta wannan shekara ta faɗo a farkon Nuwamba, bayan an yi girbi, amma gidaje da dama sun biya bashin hatsi da abin da suka girbe, babu maganar fulawa.

Wannan ya kai ga ainihin abin da ya sauya. Alkakin da, ko da sunansa baƙo ne, alkamarsa da zumarsa da mansa duk ana samunsu tsakanin Abzin da Kano. Cincin na yau kuwa alkamarsa daga ƙetaren teku take, sukarinsa haka, man ma sau da yawa na kwakwar manja ne daga Asiya. Ana noma alkama a filayen ban-ruwa na Ƙonni da garakan Abzin, ana noma rake a fadamun Matamai, amma ba su kai su cika kantuna ba. Saboda haka farantin Sallah ya koma yana amsa duk abin da ya faru a bakin iyaka. Lokacin da Nijeriya ta hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, fulawa ta juya hanya, tana fitowa daga Kwatano ta bi ta Maraɗi ta shiga Katsina da dare, wasu alhazai suka yi arziki da ita. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake saye daga Faransa cikin kwana ɗaya, ana saura makonni a fara azumi. Rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da yaƙin Yukren a 2022, kowanne ya bar alamarsa a farashin buhu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya rufe hanyar Nijeriya da ta Benin a lokaci guda. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Nijeriya a watan Maris, cikin azumi, motoci suka sake bin hanyar Jibiya da Ɗan Isa makonni kaɗan kafin Sallah. Gadar Gaya kuwa ta ci gaba da zama a rufe, kayan da suka saba fitowa daga Kwatano suka koma zagayowa daga tashar Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar sojoji, kafin su iso Yamai, su iso Maraɗi, sannan a ɗora su a ƙananan motoci zuwa kantunan Dakwaro.